Ga jikana mai son zama likitan dabbobi

Jikana, mahaifiyarka ta ce ka cike JAMB ka zaɓi likitancin dabbobi, kuma ƙananan kake so, irin su kyanwa da kare da zomo. Ta ce har abokanka sun fara kiranka likitan kare. Zauna kan buzun nan ka ji.

Shekara 40 ina sayar da sirdi da linzami a Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15. Duk fatar da ke rumfar nan daga jikin dabba ta fito, da ita na ciyar da ubanka. Don haka ni ba na raina mai kula da dabba.

Wata shekara kare ya ciji yaron wani ɗan dako a bakin Jakara. Ɗan rauni ne a ƙauri, aka shafa magani, aka ɗaure da tsumma. Bayan wata biyu yaron ya fara tsoron ruwa. Na ga uwarsa riƙe da moɗa, ƙishi na cinsa, yana ture hannunta. Bai tashi ba. Da an yi wa karen nan allurar rigakafi, da yanzu yaron magidanci ne. Wannan aikin za ka koyo.

Hanyar doguwa ce, shekara 6 a jami'a. Zariya na koyar da shi tun 1964, akwai kuma Sakkwato da Maiduguri. Ba za a bar ka kan kyanwa kaɗai ba, sai ka san saniya da doki da kaza. Daga nan rajista da hukumar likitocin dabbobi, sai bautar ƙasa. Idan ka gama kada ka yi gaggawar buɗe asibitinka. Ka zauna ƙarƙashin wani babba, kamar yadda na yi wa maigidana yaron shago, domin majinyacinka ba ya faɗin inda ke masa ciwo, hannu da ido ne ke ganowa.

Masu karnukan gadi a Nasarawa da Bompai za su biya ka da kyau. Tsohuwar da za ta kawo kyanwarta cikin kwando daga lungu, wataƙila addu'a kawai ta riƙo. Ka duba mata da kyau.

Allah ya yi maka albarka. Hutun farko ka zo ka duba mini kyanwar nan da ke kwana bayan sirada, idonta na hagu yana ruwa.