Bizit ɗin mota

A Nijar, doka ta ce a riƙa kai mota ana duba lafiyarta. Direbobi suna ce ma wannan dubawa "bizit". Ana duba birki, da tayoyi, da fitilu, da sitiyari, da hayaƙi. In komi lafiya, sai a ba mai mota takarda. Ita ce jandarmomi suke tambaya bisa hanya.

Waɗansu direbobi suna gunaguni. Sun ce ana biyan kuɗi, ana kuma asarar aikin yini guda. Gaskiya ne. Amma mu yi lissafi.

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin sakan guda. Ga wata ta taso daga Maraɗi za ta Damagaram, cike da fasinja. Kusa da Tasawa, sai jaki ya gitta. In birki na da kyau, direba ya tsaya. In ya cinye, sai ta Allah.

Hayaƙi ma abin dubawa ne. Cikinsa akwai iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Baƙin hayaƙi kuwa yana sa tari, yana ɓata huhu.

Amma takarda ba ta tsaida mota. Wanda ya sayi takarda ba a duba motarsa ba, kansa ya cuta, da fasinjansa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Mi ake dubawa wurin bizit?
2. Don mi waɗansu direbobi suke gunaguni?
3. Mita nawa waccan mota za ta ci cikin sakan 3?