Sawun Wayarka da Hasashen Na'ura

Mu da ke aikin kare bayanan jama'a, tambayar da aka fi yi mana ita ce ko gwamnati na sauraron kiran waya. Abin da ya fi damuna shi ne sawun da kiran yake bari: lambar da ka kira, lokacin, tsawon maganar, da turken sadarwar da wayarka ta kama a wannan sa'ar. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin waya adana irin waɗannan bayanai har shekara biyu. Tun da aka ba da umarnin haɗa layuka da lambar NIN a Disambar 2020, sawun nan ya samu suna da fuska da zanen yatsu. A ƙara da BVN da bankuna suka soma a 2014, sai ga zirga-zirgar mutum da shige da ficen kuɗinsa a tafin hannun duk wanda ya iya haɗa rumbunan.

Da zarar bayanai sun taru haka, abin da ke biyo baya shi ne a ɗora wa na'ura aikin hasashen wanda ya kamata a sa wa ido, ita kuwa kamanni take bi. A ɗauki falken shanu mai cin kasuwannin Illela da Shinkafi da Maigatari. Yana kiran lambobin rugage da dama, yana kwana a garuruwan bakin daji, miliyoyi na shiga asusunsa ranar kasuwa su fita kafin magariba ta hannun masu POS. A lissafin manhaja, wannan ita ce siffar mai kai wa 'yan bindiga rahoto, alhali bawan Allah halalinsa yake nema. An riga an ga irin wannan a Holan, inda hukumar haraji ta yi amfani da tsarin auna wanda ake zaton zai yi almundahana da tallafin renon yara, kuma zama ɗan ƙasa biyu na cikin abin da ke jawo wa mutum tuhuma. Aka tilasta wa dubban iyalai mayar da kuɗin da haƙƙinsu ne, da yawa suka nutse a bashi, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Can fa akwai kotuna masu ƙarfi da 'yan jarida masu bin diddigi, amma sai da aka yi shekaru kafin asiri ya tonu.

Wani zai ce wanda bai yi laifi ba, me zai ɓoye? Ai falken nan ma bai yi laifi ba. Kuma bayanan ba sa tsayawa a hannun hukuma kaɗai. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna yadda wani shafi yake sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Hukumar NIMC mai kula da NIN ta ce ba a kutsa rumbunta ba, amma ko ta wace ƙofa suka fita, sun fita. Idan aka yi wa layi rajista da NIN ɗinka aka nemi kuɗin fansa da shi, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa.

Hujjar tsaro ta fi nauyi, kuma ba na raina ta. Wanda aka sace wa ɗa a Zamfara ko Katsina yana da haƙƙin a bi sawun wayar da aka kira shi da ita cikin gaggawa. Sai dai bin lambar da aka san an yi laifi da ita daban, tace al'umma gaba ɗaya don zaton wanda zai yi laifi gobe daban. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin hirar waya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba mutum damar ƙin hukuncin da na'ura ta yanke a kansa ita kaɗai, amma ta sassauta wa hukumomin tsaro sosai. A nan giɓin yake. Ya kamata a nemi umarnin kotu kafin buɗe sawun kowa, a ajiye rajistar jami'in da ya duba da dalilinsa, sannan wanda aka rufe wa layi ko asusu ya san inda zai kai ƙara.

Kafin a kai ga haka, kada ka yi wa kowa rajistar layi da NIN ɗinka, ko da ɗan'uwa ne, kuma idan ka kai takardar NIN ɗin zuwa shagon kwafi, ka karɓi har wadda ta lalace a injin.