Tsarabar da Ba a So daga Jado

A shekarar 2014 aka tsinci zinariya a Jado, can ƙuryar jihar Agadas, gaba da Dirku. Kafin nan kangon tsohon birni da dabino kawai aka san wurin da su. Cikin ƴan watanni dubban maza suka kwararo daga Damagaram da Maraɗi da Tawa, har da Cadi da Sudan. A 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙar, mutane da yawa suka koma gida, wasu da kuɗi, wasu da wani hali da ba su tafi da shi ba.

Aikin zinariya aikin kashe jiki ne. Rana ta gasa mutum, ruwa sai an saya da tsada. Sai mahaƙi ya haɗiyi tiramol don ya jure, da dare ya busa wiwi don barci ya ɗauke shi. Kayan kuwa ba ya wuyar samu, don hanyar Libiya ce. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na wiwi a Yamai, Libiya ya nufa. Ba zagin kowa muka zo yi ba, neman halali ya kai mahaƙin can. Maganarmu a kan yaron da ke gida ce.

To, jama'a, ku lura. Masana a Amurka da Ostareliya sun bi diddigin tagwaye masu yawa, suka ga kusan rabin saurin kamuwa da jarabar wiwi gado ne. Gadon nan ba hukunci ba ne. Ɗan mashayi kamar busasshiyar ciyawa yake, ba ta cin wuta sai an kawo ashana kusa. Cikin mutum 10 da suka taɓa wiwi, wajen 1 ne ke kasa bari. Cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa, 1 ne cikin 6, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25.

Wa ke kawo ashanar? Sau da yawa uban ne da kansa. "Kai, ruga wurin wane ka karɓo mini saƙo." Da wannan aike ɗaya yaro ya san ƙofar dillali, ya san farashi, ya san warin abin, ya kuma gane cewa babba na yi ba a ce masa uffan. Maigida, ko ba ka iya bari yau ba, kada ka aiki ɗanka, kada ka busa a gabansa. Wannan kam yana hannunka.

Sai uwa, wadda aka fi mantawa da ita. Miji ya yi shekara biyu babu aike babu waya, ko ya dawo da faɗa da duka. Ta daina barci, ta daina hira, tuwo ma da ƙyar. A ce iska ce, ko a ce ta cika tunani. Alhali ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Uwar da ke cikin wannan hali ba ta da ƙarfin tambayar inda yaro ya yini, shi kuwa gidan ya yi masa zafi, sai ya koma majalisar samari, inda kara ɗaya ke zagaya hannu biyar. Dangi da maƙwabta su raka ta likita, ko da ranar awon jarirai ce, a gaya wa ma'aikacin lafiya tun yaushe barci ya ƙaurace mata, da abin da mijin ke sha.