Darasin Lissafi: A Sauƙaƙa Kafin A Nemi Saurin Sauyi

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO a Mubi, ko wanda ya fara karatun injiniya ko kimiyya a Kwalejin Fasaha ta Tarayya ko Jami'ar Jihar Adamawa, zai gamu da tambaya irin wannan: ga y mai ɗauke da sin x da cos x, nemo dy/dx. Bari mu bi ta daki-daki.

Da farko, fankshan dangantaka ce tsakanin adadi biyu, inda y ke sauyawa duk lokacin da x ta sauya. Shi kuwa dy/dx yana nuna saurin wannan sauyi a daidai wuri guda. Motar da ta taso daga Mubi za ta Yola, nisan da ta ci ya danganta da lokaci, gudun da allurar motar ke nunawa kuma shi ne saurin sauyin nisan. Wannan reshe na lissafi sunansa kalkulas. Newton da Leibniz ne suka kafa shi, kuma Leibniz, wanda ya buga aikinsa a 1684, shi ne mai alamomin dx da dy.

Sai ma'aunan kusurwa. A alwatika mai kusurwar digiri 90, sin x shi ne tsawon gefen da ke fuskantar kusurwa x a raba da gefe mafi tsawo. Cos x kuma gefen da ke jikin kusurwar ne a raba da mafi tsawon, tan x kuwa sin x ne a raba da cos x. A kalkulas da radiyan ake auna kusurwa, inda radiyan π ke daidai da digiri 180. Dalili shi ne, da radiyan kaɗai ne sin h/h ke kusantar 1 idan kusurwa h ta ƙanƙance ainun, kuma a kan wannan aka gina ƙa'idojin.

Ƙa'idojin su ne: saurin sauyin sin x shi ne cos x, na cos x kuwa −sin x. Adadin da ba ya sauyawa, saurinsa sifiri ne. Ƙa'idar sarƙa ta ce na sin ax shi ne a cos ax, inda a adadi ne da ba ya sauyawa. Ƙa'idar rabawa kuma ta ce idan y = u/v, to dy/dx = (vu′ − uv′)/v², inda u′ da v′ ke nufin saurin sauyin u da v.

Mu gwada da y = tan x. Tunda u = sin x, v = cos x, za mu samu (cos²x + sin²x)/cos²x. Amma sin²x + cos²x kullum 1 ne, don haka amsa ita ce 1/cos²x, wato sec²x.

Yanzu ga inda sauƙaƙawa ke aiki. Ɗauki y = (1 − cos²x)/sin x. Mai gaggawa zai faɗa wa ƙa'idar rabawa, ya cika shafi. Mai natsuwa zai lura cewa 1 − cos²x daidai yake da sin²x, sai y ta koma sin x, muddin sin x ba sifiri ba ne. Amsa: cos x.

Misali na biyu: y = (sin x + cos x)². A buɗe baka, a samu sin²x + 2 sin x cos x + cos²x. Na farko da na ƙarshe sun haɗu sun ba da 1, na tsakiya kuma shi ne sin 2x. Ashe y = 1 + sin 2x, don haka dy/dx = 2 cos 2x.

Ina amfanin wannan? Wutar lantarkin gida a Nijeriya, bolt 230 ce, mai kai-kawo sau 50 a daƙiƙa. Ana rubuta ta V = 325 sin 100πt, inda 325 ce ƙololuwarta, t kuma lokaci. Ƙa'idar sarƙa ta ba mu dV/dt = 32,500π cos 100πt. Wato a daidai lokacin da ƙarfin wutar ke ratsa sifiri, yana sauyawa da saurin kimanin bolt 102,000 a daƙiƙa. Da irin wannan lissafi injiniya ke ƙera taransifoma da janareta.

Saboda haka ɗalibi, kafin ka taɓa kowace ƙa'ida, duba ko tambayar za ta sauƙaƙu. Ka jarraba da y = sin 2x/cos x. Idan ka samu 2 cos x, ka fahimci darasin.