DARASI DON ƘUNGIYOYIN MANOMA: FILIN WASAN MAKARANTA

Karatu: Zakariya 8:4-5, Luka 2:52

Dukanmu mun sani shuka ba ta yin kyau da iri kaɗai. Sai an haɗa mata da ruwa da taki da noma, a kuma ba ta sarari. Haka yaro yake. Allo da alli ba su isa su rene shi ba. A wannan darasi za mu duba abin da jikin ɗan makaranta da zuciyarsa suke bukata, da abin da ƙungiyarmu za ta iya yi.

Abin da Littafi ya koya mana

Da annabi Zakariya ya so ya kwatanta garin da Allah ya sa wa albarka, bai ambaci rumbuna ba. Ya nuna mana tsofaffi zaune lafiya, yara maza da mata kuma suna wasa a fili. Luka ma ya gaya mana girman Yesu bai tsaya ga hikima kaɗai ba, har da girman jiki. Ashe wasan yara ba ɓata lokaci ba ne.

Yadda muka zo nan

A shekarar 1976 gwamnati ta soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka gina makarantu a ƙauyuka, dagatai da masu unguwa suka yanka musu filaye. A 1999 aka sāke sabon shiri, a 2004 aka yi dokar da ta wajabta karatun shekara 9 ga kowane yaro. Amma a wurare da yawa filin makaranta ya yi ta ƙanƙancewa. Wannan ya matsa kunya ɗaya, wancan ya ƙara biyu, har gero ya iso bakin taga. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani lokaci fartanyarmu ce ta ci filin.

Me wasa yake yi wa yaro?

1. Yana ƙarfafa ƙashi da tsoka da numfashi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara yara masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki sosai kamar minti 60 kowace rana.

2. Yana kwantar da rai. Yaro ma yana da damuwa: maraici, yunwa, tsoron bulala, ba'ar abokai. Wanda ya yi guje-guje ya yi dariya yakan koma aji da sakin fuska, ya kuma yi barci mai kyau.

3. Yana koya ladabi: jiran layi, bin alƙalin wasa, da haƙuri in an ci ka.

4. Yana rage zaman banza. Mun tuna a 2018 sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suke shansa.

Wani zai ce, ai 'ya'yanmu suna ɗebo ruwa, suna kiwo, suna noma, wane motsa jiki kuma? Gaskiya ne aiki yana ba jiki ƙarfi. Amma aiki dole ne, wasa kuwa hutun zuciya ne, a cikinsa yaro yake samun abokai. 'Yan mata su suka fi rasa wannan, gama daga aji sai talla, daga talla sai daka.

Abin da za mu iya yi da aikin gayya

Na ɗaya, iyaka. Mu tafi tare da hedimasta da dagaci da kwamitin makaranta a nuna iyakar fili, a rubuta a takarda. Makaranta ta gari duka ce, saboda haka mu gayyaci maƙwabtanmu Musulmi tun daga shawarar farko.

Na biyu, shara. Bayan girbi mu cire kututture da tsidau da fasassun kwalabe, mu cike ramuka. Taku 60 a tsawo da 40 a fāɗi sun ishi ƙananan yara ƙwallo. Azara shida sun isa turakun raga biyu. Langa da kokawa da tsalle da igiya ba su cin ko kwabo. A keɓe wa 'yan mata nasu gefe da nasu lokaci.

Na uku, inuwa. Da damina ta zauna mu dasa darbejiya da zogale a kewaye, mu yi musu shinge saboda awaki. Kowane aji ya ɗauki itatuwansa ya shayar. A watan Maris da Afrilu kada a yi wasa da tsakar rana, sai da safe ko da la'asar.

Na huɗu, ruwa da salga. A ajiye randa mai murfi da moɗa, da buta da sabulu ko toka don wanke hannu. A haƙa salga biyu, ta maza dabam, ta mata dabam mai ƙofa, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Yarinyar da ta fara girma, in ba ta da wurin sutura, takan daina zuwa makaranta.

Na biyar, akwatin magani. A sa bandeji da auduga da sabulu da ƙunshin gishiri da sukari na zawo. In ƙusa ko ƙarfe ya soki yaro, a wanke da kyau, a kai shi asibiti saboda allurar ciwon sarƙewar haƙora. Yaron da yake fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, tsargiya ce, daga wanka a kududdufi ake ɗaukarta, tana kuwa da magani. In ma'aikatan lafiya sun zo raba maganin tsutsar ciki, kada mu ɓoye 'ya'yanmu.

Na shida, kunne. A roƙi malami ɗaya da uwa ɗaya mai riƙon asiri su zama waɗanda yaro zai kai wa kukansa. In yaro mai surutu ya koma shiru, ko ya daina cin abinci, ko yana ware kansa, a zauna da shi a hankali kafin a ɗauki tsumagiya.

Kada kuma mu manta, ciki wofi ba ya guje-guje. Ko koko ne da ƙosai, ko ɗumame, yaro ya karya kumallo kafin ya fita.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya san iyakar filin makarantarmu? Akwai gonar ɗan ƙungiya a ciki?
2. 'Yan mata nawa ne a unguwarmu suka bar makaranta bana, don me?
3. Kwano nawa kowannenmu zai iya bayarwa da kaka don sayen ƙwallo da sabulu da bandeji?
4. Wace rana za mu sa don gayyar farko, wa kuma zai je wurin hedimasta?

Sakatare ya rubuta amsoshin, a karanta su a taro mai zuwa. A rufe da addu'a domin yaranmu da malamansu.