Kundin Kaka Da Ke Ƙasan Akwati

 

'Yan'uwa, da yawanmu a nan Sabo muna wucewa ta ƙofar Jami'ar Ibadan a hanyar kasuwa, ba mu san cewa a ciki akwai rubutun malamanmu ba. An kafa jami'ar a 1948, kuma tun shekarun 1950 ɗakin karatunta, wanda yanzu ake kira da sunan Kenneth Dike, ya fara tara littattafan Larabci na rubutun hannu daga Arewa. Akwai na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello wanda ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Wasu takardun ne da kansu, wasu kuma hoto aka ɗauka aka mayar wa masu su. Akwai irin wannan ajiya a Arewa House da ke Kaduna, da gidan tarihin Waziri Junaidu a Sakkwato.

To, mu fa? Gidaje da dama suna da gafaka ko tsohon kundi da kaka ya zo da shi lokacin fataucin goro da shanu. Takardar da ta yi shekara ɗari lafiya lau a busasshiyar iskar Katsina, damina biyu ta Kudu ta isa ta sa mata furfura, shafuka su manne, gara da kyankyaso su ƙarasa sauran.

Ku ɗaga warƙa ɗaya ku duba ta a hasken rana. In kun ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, wannan alamar masana'antun Italiya ce, irin takardar da ayari ke kawowa Kano ta Tarabulus. Sannan ku dubi ƙasan shafi. Littattafanmu na dā ba a ɗinke su, ba su kuma da lambar shafi. Marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can ƙasa, da ita ake gane jeri. Shi ya sa abin da muke gani wajen rabon gado yake da ciwo: a kasa littafi guda kashi uku don kowa ya samu tabarraki. Kowa ya tafi da takarda, littafin kuwa ya mutu. A bar shi a hannun mutum ɗaya bisa amana, ko a yi masa ƙima kamar sauran kaya.

Kada a liƙa salatif a inda ya yage, yana cin tawada. Kada a kai shi a rufe da roba mai zafi kamar satifiket, kada kuma a ƙulle shi a leda, gumi yake yi. A naɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta, a ɗora a sama nesa da bango. Iyayenmu mata, ku ne masu makullin akwati, wannan naku ne.

Masu yawo suna sayen "tsofaffin kaya" kuwa, a yi hattara. Dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Yaranmu masu waya su ɗauki hoton kowace warƙa, gaba da baya, bisa jerinta. Su kula da ta ƙarshe musamman, don a nan mai kwafa yakan rubuta sunansa da na wanda ya rubuta wa, wani lokaci har da shekarar da ya gama.