Darasi: Siffar Itace da Sujada

Abin karantawa: Fitowa 20:4-6, 1 Sarakuna 6:23-28, 2 Sarakuna 18:1-4.

Mai bi da yake zaune a Mile 2 ko Agege ba ya rasa maƙwabcin da zai tambaye shi, "Ashe, ba gumaka kuke ajiyewa a majami'unku ba?" Ya kamata kowannenmu ya san amsar da zai bayar.

Ga asalin abin. A ƙarni na 15, sa'ad da ilimi da sana'a suka farfaɗo a Turai, masassaƙa suka yi ta sassaƙa siffofin tsarkaka, gama yawancin mutane ba su iya karatu ba. A 1438 Donatello, mutumin Italiya, ya sassaƙa Yahaya Mai Baftisma da itace domin wata majami'a a Venis. Ya kuma sassaƙa Maryamu Magadaliya, ramammiya, domin mai kallo ya tuna da tuba. Daga baya gardama ta tashi. A 1524 aka kwashe siffofi daga majami'un Zurik. A 1563 taron Katolika a Tarent ya ce a bar su, girma kuwa na wanda siffar take nunawa ne, ba na itacen ba. Sana'ar ta iso Nijeriya ma. A 1947 Fada Kevin Carroll da abokin aikinsa suka tara masassaƙa Yarabawa a Oye-Ekiti, suka sa labaran Linjila a jikin itace.

To, me Maganar Allah ta koya? Sulemanu ya sa kerubobi biyu na itacen zaitun cikin Haikali, kowanne kamu 10, ba a kuwa tsauta masa ba. Musa ya ƙera macijin tagulla bisa ga umarnin Ubangiji. Amma da Isra'ilawa suka shiga ƙona masa turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi. Ashe, abin da aka yi domin tuni yana iya zama tarko. Laifin ba a gizagon masassaƙi yake ba, a gwiwar mai durƙuso yake.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu amsa wa maƙwabci da tawali'u cewa sujadarmu ta Allah ce kaɗai. Kada kuwa mu yi saurin hukunta ɗan'uwa na wata ikkilisiya, alhali kuwa laya ko kuɗi sun zama Nehushtan a zuciyarmu.

Tambayoyi

1. Don me Hezekiya ya farfashe abin da Musa ya ƙera?
2. Ina bambancin tuni da sujada?
3. Wane abu a gidanka yake neman matsayin Allah?